Ƙafar Mai Babur

Su huɗu ne a gidan mai ɗori, kuma kowannensu da abin da ya rasa.

Maigidan, wanda kowa ke kira Baba, ya shekara talatin yana ɗora ƙashin mutane a zaurensa. Hannunsa na da kyau, amma tun da matarsa ta rasu ya rasa mai tausasa masa zuciya. Babban ɗansa, Yaya, shi ne shugaban leburori a gidan bulon da ke bakin layi. Yana da ƙarfi, haƙuri ne ba shi da shi. Sai Auta, 'yar Baba ta ƙarshe, mai ɗinki, wadda ta dawo gida shekara uku da suka wuce bayan rasuwar mijinta. Ta huɗun ita ce 'yarta mai shekara bakwai, da ake kira Tsuntsuwa saboda rashin jikinta. Ita uba ta rasa, kuma tana ɗan jan ƙafar hagu in tana tafiya.

A kan babur abin ya faru. Uban na tuƙi, yarinyar na zaune a kan tanki, babbar mota ta kwashe su. Baba ya ɗora ƙafar jikarsa da hannunsa, surukin nasa kuwa bai iso zauren da rai ba. A ranar ya rantse cewa muddin yana numfashi, mai hawa ƙafa biyu ba zai ƙara auren 'yarsa ba.

Sai ga shi zuciyar Auta ba ta tashi faɗawa kan kowa ba sai Dogo, wanda ya shekara tara yana ɗaukar fasinja a babur. Sau uku yana turo manyansa, sau uku Baba na sallamarsu a tsaye. Yaya kuwa ya riga ya yi wa ubangidansa, mai gidan bulo, alkawarin ƙanwar tasa, ba tare da ya tambaye ta ba.

Wata ranar Litinin da la'asar, Auta na kan keken ɗinki ta ji hon ɗin da ba ta saba ji ba a ƙofar gida. Ta yafa mayafi ta leƙa.

Keke ne mai ƙafa uku, ba sabo ba, amma an wanke shi har yana ƙyalli. A gabansa Dogo ne zaune, ya lanƙwashe don kada kansa ya taɓa rufin, ya zuro ƙafarsa ta hagu waje ya dogara ta a ƙasa.

"Ina ka aro wannan akwatin?" ta ce.

"Ba aro ba ne. Jiya na miƙa makullin babur, Auta. Na rabu da shi."

Ta tsaya tana kallonsa. Ta san babur ɗin nan kamar yadda ta san fuskarsa. Ta san yadda yake goge shi da gefen rigarsa in suna hira, da yadda yake gane ciwonsa daga ƙara kawai.

"To mayar da ƙafarka ciki mana," ta ce. "Wannan ai ba ya buƙatar a tare shi."

Ya dubi ƙafar kamar ta wani ce, ya yi dariya.

"Tun safe nake faɗa mata, ta ƙi ji. Duk inda na tsaya sai ta riga ni sauka. In na zo kwana kuma sai in ji ina kwantar da jiki, shi kuwa ya miƙe abinsa. A tasha yaran da na girme su nesa ba kusa ba ke mini tsawa, wai tsoho ya zo koyon tatata."

Ta so ta yi dariya, sai hawaye ya riga ta.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba? Shekara tara fa. Shi ne sana'arka, shi ne mutuncinka a cikin 'yan uwanka. In Baba ya ƙi kuma fa? Ka tashi ba ni, ba babur?"

"In ya ƙi, na san dai na kawar da abin da ya ce. Ƙafa biyu ya rantse a kai. Ga uku na kawo."

"Ƙirgar taya ka zo koya mini?"

Muryar Baba ce. Ya fito daga zaure yana goge man shafawa a hannunsa. Dogo ya yi sauri ya fito, kansa ya bugi ƙarfen rufin, ya durƙusa a haka yana gaisuwa.

Baba ya amsa a taƙaice. Ya zagaya keken a hankali, ya ƙwanƙwasa gefensa, ya dawo ya tsaya a kan Dogo.

"Ƙarfen ka sayar. Jikin fa, wa ka sayar wa?"

"Baba, zan koya."

"Na ɗora irinku ban san iyaka ba. Na san ku ciki da waje. Mai babur ko jirgi ka ba shi, rata yake nema ya kutsa. Idonsa faɗin kafaɗarsa kawai ya sani. Na ga ƙafarka tun daga ciki. Tashi ka tafi, yaro. Ba na ƙinka, amma na riga na binne guda."

Ya juya ya shige. Auta ta bi bayansa ta durƙusa a bakin zauren.

"Baba, ka dube ni. Shekara uku ban taɓa musa maka ba. Mutumin nan ya bar abin da ya iya saboda maganarka."

"Maganata ba ta ce ya bar komai ba. Cewa ta yi ya bar ki."

Kafin magariba labari ya kai gidan bulo. Yaya ya shigo da ƙurar siminti a gashinsa, bai yi sallama ba, ya ɗaga labulen ɗakinta. Tsuntsuwa na zaune a ƙasa tana tsince guntayen yadi.

"Ke wace irin mara kunya ce? A ƙofar gidanmu? Maigidana na wucewa ta nan kullum."

"Maigidanka ne, Yaya, ba nawa ba."

Marin ya jefa ta jikin keken ɗinki. Kan keken ya tuntsura ƙasa, allura ta karye, zare ya warware har bakin ƙofa. Yarinyar ta rarrafa ta shige ƙarƙashin gado ba tare da ta yi kuka ba.

"In na ƙara ganinki kusa da akwatin nan," ya ce, "daga ke har shi sai kun gane ba ku da wayo."

Kwana uku Auta ba ta ɗaga wayar Dogo ba.

A rana ta huɗu ta je kasuwa sayen yadi, ta biya makaranta ta ɗauko 'yarta. Rana ta take sosai, ƙunshin yadin na kanta. Ba su yi rabin hanya ba Tsuntsuwa ta zauna a gefen kwata ta riƙe gwiwa.

"Umma, ƙafar ta ƙi."

Tun ranar haɗarin yarinyar ba ta yarda ta hau wani abu mai inji ba. Ko mota aka nuna mata sai ta sandare. Auta na tsaye tana tunanin yadda za ta goya ta ga kaya a ka, sai keke ya tsaya a gabansu, doguwar ƙafa ta zuro waje.

"Ka tafi," ta ce ba ta dube shi ba. "Don Allah ka tafi."

Ya ga shatin yatsu a kumatunta. Ya sunkuyo wajen yarinyar.

"Hajiya ƙarama, ina zuwa? Yau kyauta nake ɗauka, amma sai masu gajiya."

Tsuntsuwa ta daɗe tana kallon kujerar bayan.

"Yana faɗuwa?"

"Ba ya faɗuwa. Kin ga, ƙafa uku gare shi, ya fi ni da ke."

Ga mamakin uwar, yarinyar ta miƙe ta hau da kanta. Ta matsa can gefen hagu ta rungume ƙarfen da hannu biyu. Auta ta sauke ƙunshin yadin daga kanta. Ta sa kayan, ta shiga ta zauna a dama.

"Kafin bakin layi za ka sauke mu," ta ce.

"To."

A hankali ya riƙa tafiya, har na baya na danna masa hon. Yarinyar ta saki hannu ɗaya, ta fara nuna shaguna tana karanta allunansu. Ya riƙa yi kamar bai iya karatu ba, tana gyara masa tana dariya. Rabon da Auta ta ji wannan dariyar har ta manta. Ita ma sai ta shagala, ba ta farga ba sai da ta ga tarin yashi.

Sun iso bakin layi.

Ana loda bulo a babbar mota. Farar motar mai gidan bulo na ajiye a mashigar layin, ta cinye rabin hanya, ɗaya gefen kuma falwayar lantarki ce. Daga saman lodin Yaya ya hango su. Ya saki bulon da ke hannunsa ya diro, ya kira yaransa.

"Tsaya mu sauka," Auta ta ce.

"In na tsaya, a gaban yarinyar zai dake ki. Bari in kai ku ƙofar Baba."

Tsakanin farar motar da falwayar akwai rata. Shekara tara yana bi ta irinta ko rage gudu ba ya yi. Idonsa ya auna, ya ce masa za ta wuce. Ya murɗa.

Gaban keken ya shige sumul. Bayan ne bai shige ba.

Tayar dama ta daki gefen motar ta hau kansa. Keken ya ɗaga, ya karkata hagu, gefen da yarinyar take, inda bakin kwatar siminti ke jira. Auta ta ga ƙasa na tahowa. Ta kuma ga doguwar ƙafar nan ta fita waje ta caki ƙasa, kamar yadda ta saba yi wa babur.

Ƙarar da ta biyo baya irin ta busasshen icce ce in an taka shi.

Keken ya tsaya a karkace, duk nauyinsa a kan ƙafar, na ɗan lokacin da bai fi numfashi biyu ba. A cikinsa Auta ta fizgo 'yarta zuwa ƙirjinta. Sannan rufin ya zame ya jingina da falwayar.

Ba su bari ya fito da kansa ba. Ta wuyan riga suka jawo shi, karyayyar ƙafar na jan ƙasa. Yaya ne ya fara, da takalmin aiki, a haƙarƙari. Wani ya kawo katakon da ake jera bulo a kai. Wani ya kwance bel. Dogo ya dunƙule ya rufe kansa da hannu, yana cewa abu ɗaya.

"Ku duba yarinyar. Ku fara duba yarinyar."

Mai gidan bulo ya fito daga ofishinsa da waya a hannu. Ya wuce ta gaban Auta da 'yarta, ya tsuguna a gefen motarsa, ya shafa inda ta lotse da tafin hannu.

"Ku bar masa numfashi kawai," ya ce.

Auta ta ajiye yarinyar a kan ƙunshin yadi. Ba ta san lokacin da ta kutsa tsakiyarsu ba. Ta faɗa kan Dogo ta rufe shi da jikinta, katakon da aka riga aka ɗaga ya sauka a kafaɗarta, kan bel ya tsaga mata gira. Jini ya rufe mata ido ɗaya.

Leburorin suka ja baya. Dukan namiji daban, dukan ƙanwar shugabansu daban.

Yaya ya damƙi hannunta zai ja ta. Ta lalubo guntun bulo da ɗaya hannun ta ɗaga.

"Ƙara taɓa shi, Yaya. Wallahi sai dai a kwashi mutum biyu."

Bai taɓa ganin wannan fuskar a wurinta ba. Ya sake ta.

Mai gidan bulo ya matso yana gyara hula.

"Haba, Auta. Kin ga abin da ake gudar miki ke nan. Taso in kai ku asibiti a ɗaya motar."

"Motarka ka fara shafawa," ta ce. "'Yata na zaune a gabanka. Na gode, na ga abin da zan gani."

Ta miƙe ta jawo baron da ake ɗibar yashi, ta juye shi. Babu wanda ya motsa, sai wani dattijo a cikin leburorin ya ajiye shebur ya kama mata kafaɗun Dogo. Da aka ɗaga ƙafar ya yi wani nishi ya suma.

Ita ta tura baron tun daga bakin layi har ƙarshensa, kafaɗarta na zogi, mutane na leƙowa ta ƙofofi. Tsuntsuwa na gaba tana jan ƙafarta da iyakar saurinta, don ta kira kakanta.

A bakin zaure suka tarar da shi. Ya riga ya tsuguna yana lalube jikarsa tun daga wuya har yatsun ƙafa, gaɓa bayan gaɓa. Ko ƙwarzane babu. Ya ɗago ya ga fuskar 'yarsa, ya ga abin da ke cikin baro.

Yaya ya sha gabansu ya tokare ƙofar da hannu.

"Ba zai shiga gidan nan ba. Ya kusa kashe mana yarinya, Baba. Abin da ka faɗa ne ya faru, ko sati bai yi ba."

"Abin da na faɗa ne," Baba ya ce.

Auta ta saki baron ta zube a gabansa. Kukan da ta riƙe tun bakin layi ya ƙwace.

"Baba, ka yi gaskiya, ya yi kuskure. Ni ma na yi, ni na shiga da ita. Ban zo roƙon aure ba. Ƙafarsa na kawo maka. In ka ce in bar shi, zan bar shi, amma kada ya gurgunce saboda ni. Ban taɓa ganin ka tambayi mai karaya laifinsa ba kafin ka kama shi."

Baba ya matso kusa da baron. Ya sunkuya ya yage ƙafar wandon. Yatsunsa suka bi ƙashin daga gwiwa zuwa ƙasa, suka tsaya, suka koma, suka sake tsayawa.

"Wa ya karya shi?"

"Mu muka dake shi," Yaya ya ce, "kuma ba na nadama."

"Ban tambaye ka duka ba. Ga shatin dukanku nan ko'ina, na gani. Wannan ba karayar katako ba ce. Katako gefe yake karyawa. Wannan daga ƙasa ta taso, nauyi ne ya sauka a kan ƙafar da aka kafe." Ya ɗago ya dubi Auta. "Ta wane gefe keken ya karkata?"

Kafin ta yi magana yarinyar ta riga ta.

"Ta gefena, Kaka."

Baba ya daɗe bai ɗaga hannunsa daga kan ƙafar ba.

"Matsa daga ƙofar," ya ce wa ɗansa.

"Baba..."

"Ƙofarka ce?"

Suka shimfiɗe shi a tabarmar zaure. Baba ya sa dattijon nan ya danne ƙirjin, ya sa Auta ta riƙe cinyar da duk ƙarfinta. Ya ce yarinyar ta shiga ciki, ta ƙi, ya ƙyale ta. Ya kama diddigen da hannu biyu, ya ambaci Allah, ya ja.

Ihun da Dogo ya farfaɗo da shi ya kai bakin layi. Ya cije gefen tabarmar, jijiyoyin wuyansa suka miƙe. Auta ta ji ƙashin na gogar ɗan uwansa a ƙarƙashin tafinta, ta runtse ido ba ta saki ba. Sai da Baba ya ja sau biyu kafin ya ji abin da yake nema. Ya jera karare ya fara ɗaurewa.

"Kai wawan ina ne?" ya ce ba tare da ya ɗago ba. "Ana tare keke da ƙafa? Da fasinja a ciki? Ko yaron da ya fara jiya ya san a ciki ake barin ta."

"Ban yi tunani ba, Baba," Dogo ya ce da ƙyar. "Ita ta fita da kanta. Yarinyar fa?"

"Yarinyar ta fi ka lafiya. Rufe mini baki."

Yaya na tsaye a waje yana huci. A bayansa mai gidan bulo ya iso, yana magana a waya da ƙarfi don kowa ya ji, yana kwatanta gidan, yana cewa a turo 'yan sanda su ɗauki wanda ya fasa masa mota.

"Ka ji dai," Yaya ya ce. "Gara ka fito da shi tun da girma. In ya kwana a gidan nan, ni na bar shi."

Baba ya ƙulla ɗaurin ƙarshe, ya miƙe da ƙyar yana dafa gwiwa, ya zo bakin ƙofa.

"Kwana arba'in ƙafar nan ba za ta taɓa ƙasa ba. Ba a ɗaga mini majinyaci, ko wa aka turo. In sun zo su yi sallama, ni ma ina da fuskar 'yata da zan nuna musu, su tambayi wanda ya yi aikin."

Ya juyo ga Auta, wadda ke share jinin girarta da gefen mayafi, idonta cike da tambaya.

"Ke kuma kada ki dube ni haka. Rantsuwata na nan inda take. Ban ce komai ba."

Sannan ya tura ƙyauren, Yaya da ubangidansa na waje, ya sa sakata.

Tsuntsuwa na tsugune a kusurwa, ta rungume gwiwoyinta. Ba ta san mece ce rantsuwa ba, ba ta kuma san abin da 'yan sanda za su yi in sun iso ba. Abin da ta gane shi ne, mutumin da ya karye a gefenta yana cikin gidansu, kuma kakanta ne da kansa ya rufe ƙofar.